JAMB da WAEC: Lambobi biyun da ke warware tambayoyin ɗigo da layi a lissafi

Duk ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta domin rubuta jarrabawar shiga manyan makarantu ta UTME, minti 120 gare shi ya amsa tambayoyi 180. Idan aka raba, kowace tambaya sakan 40 take samu.

Wanda lissafi ke cikin darussa huɗun da ya zaɓa, kamar mai neman injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, akanta ko tattalin arziki, tambayoyi 40 ne ke jiransa a wannan darasi. Maki 100 ne a kansu daga cikin 400 na jarrabawar gaba ɗaya, wato kowace tambaya tana ɗauke da maki 2.5 a matsakaici.

Makin nan ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar a 2025, sama da mutum miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.95 da suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 ba, kodayake daga baya an sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawar saboda tangarɗar na'ura a wasu cibiyoyi. A irin wannan gasa, tambaya biyu ko uku na iya raba wanda zai samu gurbi da wanda zai sake sayen fom baɗi.

Akwai wani ɓangare na lissafi da ke cikin manhajar JAMB da ta WAEC, wanda ɗalibai da yawa suke ɗauka tarin fomuloli ne na hadda. Shi ne lissafin ɗigo da layi, wanda a aji ake kira kodinet jiyometiri. Abin da ake so ɗalibi ya iya a nan bai da yawa: tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu, tsakiyarsu, giradiyent, ikweshon na miƙaƙƙen layi, sai layukan da ba sa haɗuwa da waɗanda ke gitta juna.

Dukansu daga lambobi biyu suke fitowa: nawa aka tafi a kwance, nawa aka tafi a tsaye. Ɗalibin da ya fara fitar da waɗannan biyun ya gama rabin aiki, ko da fomula ta kwanta masa a zauren jarrabawa.

Kowane ɗigo da adireshinsa

Idan mutum ya ce abokinsa yana sahu na 3 a masallaci, mutum na 5 daga bangon dama, ya ba da cikakken adireshi da lambobi biyu kacal. Idan aka juya lambobin aka nufi sahu na 5, mutum na 3, wani bawan Allah daban za a dafa.

Haka abin yake a takardar giraf. Akwai layi na kwance da ake kira x, da layi na tsaye da ake kira y. Inda suka haɗu shi ne cibiya, adireshinta (0, 0). Daga cibiya, tafiya dama ko sama tana ba da lamba ta ƙari, tafiya hagu ko ƙasa kuma tana ba da lamba mai alamar debewa.

Lambar x ce kullum a farko. Don haka (3, 5) na nufin taku 3 zuwa dama, sannan taku 5 zuwa sama. Shi kuwa (−3, 5) taku 3 ne zuwa hagu, sannan 5 zuwa sama. Ɗigon da ke zaune a kan layin x, lambarsa ta y sifili ce. Wanda ke kan layin y kuma, lambarsa ta x ce sifili.

Wannan dabara ta haɗa zane da aljebra ta yi suna ne ta hannun wani masani ɗan Faransa, René Descartes, wanda ya wallafa ta a 1637. Wani ɗan ƙasarsu, Pierre de Fermat, ya gano irinta a zamani guda ba tare da sun haɗa kai ba. Ita kanta kalmar aljebra daga Larabci ta fito, daga al-jabr da ke cikin sunan littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Lambobi biyun

A ɗauki ɗigo biyu: A(2, 3) da B(8, 11).

Tafiyar kwance daga A zuwa B ita ce 8 − 2 = 6. Tafiyar tsaye kuma 11 − 3 = 8.

Sharaɗi ɗaya ne a nan. Idan aka fara da lambar B a lissafin x, to da lambar B za a fara a lissafin y. Wanda ya rubuta 8 − 2 a ɗaya, sannan 3 − 11 a ɗayan, ya jawo wa kansa alamar debewa da ba ta da gurbi.

Da 6 da 8 ɗin nan za a amsa duk abin da ya biyo baya.

Tazara

Tafiyar kwance da ta tsaye sun yi alwatika mai kusurwar digiri 90, kuma layin da ya miƙe daga A zuwa B shi ne dogon gefenta. Nan ƙa'idar Fitagoras ta shigo: a ninka kowace lamba da kanta, a tara, a nemo sukwaya rut.

6² + 8² = 36 + 64 = 100, kuma √100 = 10. Tazarar A da B ita ce 10.

Fomular da ke cikin littafi, √[(x₂ − x₁)² + (y₂ − y₁)²], wannan aikin ne aka rubuta da haruffa.

Magina sun daɗe da wannan lissafi. Wajen fitar da kusurwar harsashin gini, magini kan auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar. Idan tsakaninsu ya ba da ƙafa 5, kusurwa ta daidaita. Lambobin 6, 8 da 10 na sama ninkin 3, 4 da 5 ne.

Yana da kyau ɗalibi ya riƙe irin waɗannan lambobi 'yan uku: 3, 4, 5, sai 5, 12, 13, sai 8, 15, 17, sai 7, 24, 25. Wanda ya ga tafiyar kwance 5, ta tsaye 12, ba ya buƙatar taɓa kalkuleta kafin ya zaɓi 13.

Tsakiya

Tsakiyar layi, wadda takardar jarrabawa ke kira midfoyint, rabin tafiya ce. Rabin 6 shi ne 3, rabin 8 shi ne 4. Daga A(2, 3) a ƙara 3 a kwance da 4 a tsaye, sai a sauka a (5, 7).

Hanyar littafi ita ce a tara lambobin x a raba biyu, a tara na y a raba biyu: (2 + 8) ÷ 2 = 5, sannan (3 + 11) ÷ 2 = 7. Amsa ɗaya ce. Abin lura shi ne a wannan fomula tarawa ake yi, alhali a ta tazara da ta giradiyent debewa ake yi. Masu hadda a nan suke cakuɗa su.

Wani lokaci akan juya tambayar. A ce M(4, −1) ce tsakiyar layi, bakinsa ɗaya yana A(1, 3), ina ɗaya bakin yake? Daga A zuwa M an tafi 3 zuwa dama, an sauka 4. A maimaita wannan tafiya daga M, sai a isa (7, −5). Ba a buƙaci warware wani ikweshon ba.

Giradiyent

Giradiyent shi ne ma'aunin tsananin hawa ko gangarar layi. Ana raba tafiyar tsaye da tafiyar kwance, kuma harafin m ake ba shi.

A misalin A da B, m = 8/6, wato 4/3. Ma'anarsa duk taku 3 da aka yi zuwa dama, layin yana hawa taku 4.

Kafinta da ke ɗaga tsakiyar rufi domin ruwan sama ya zurare, giradiyent yake aunawa. Haka ma gangaren da ake tura keken marasa lafiya a kansa, wanda ƙa'idar gini a ƙasashe da dama ta ce kada ya wuce 1 bisa 12: hawan mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12 a kwance.

Ido kaɗai yana iya faɗin alamar giradiyent. Layin da ke hawa idan ana bin sa daga hagu zuwa dama, giradiyent ɗinsa na ƙari ne. Wanda ke gangarowa, nasa yana da alamar debewa. Layin da ke kwance sambal, giradiyent ɗinsa 0 ne. Wanda ke tsaye cak ba shi da giradiyent da za a iya rubutawa, domin tafiyarsa ta kwance sifili ce, kuma ba a raba lamba da sifili.

Ita ma wannan tambaya akan juya ta. Idan layin da ya haɗa (1, k) da (4, 10) yana da giradiyent 2, nawa ne k? Tafiyar kwance 3 ce. Kafin giradiyent ya zama 2, dole tafiyar tsaye ta zama 6. Tunda 10 − k = 6, to k = 4.

Ikweshon na layi

Ikweshon na layi ƙa'ida ce da kowane ɗigo da ke kan layin yake bi. Sananniyar siffarsa ita ce y = mx + c, inda m yake giradiyent, c kuma wurin da layin ya yanka layin y.

A misalce, mai kai saƙo a babur yana karɓar N500 kafin ya tashi, sannan N200 a kan kowace kilomita. Kuɗinsa shi ne y = 200x + 500. Lambar 500 ita ce c, abin da za a biya ko ba a je ko'ina ba. Lambar 200 ita ce m, abin da ke ƙaruwa da kowace kilomita. Tafiyar kilomita 7 za ta ci N1,900.

Idan aka ba da ɗigo ɗaya da giradiyent, siffar da ta fi sauri ita ce y − y₁ = m(x − x₁). Ga layin A da B, m = 4/3, kuma A tana (2, 3):

y − 3 = (4/3)(x − 2)
3y − 9 = 4x − 8
3y = 4x + 1

Kafin a wuce, a gwada da ɗaya ɗigon. A B(8, 11), hagu ya ba da 33, dama ma 32 + 1 = 33. Amsa ta tabbata.

Domin gano inda layi ya yanka layin x, a mai da y sifili. Domin inda ya yanka layin y, a mai da x sifili. Layin 2x + 3y = 12 ya yanka x a 6, ya yanka y a 4. Idan aka tambayi faɗin filin alwatikar da ya yi da layukan x da y, rabin 6 sau 4 ne, wato 12.

Layukan da ba sa haɗuwa da masu gitta juna

Layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan layin dogo, su ake kira faralel. Giradiyent ɗinsu ɗaya ne.

Waɗanda suka gitta juna a kusurwar digiri 90 kuma su ne fafendikula. Idan aka ninka giradiyent ɗinsu, −1 ake samu. A aikace, sai a kifa lambar, ta sama ta koma ƙasa, sannan a sauya alama. Layin da ya gitta mai giradiyent 4/3 yana da −3/4. Wanda ya gitta mai −3 yana da 1/3.

Tambayar da ta tattaro komai ita ce ta layin da ya raba AB gida biyu daidai, kuma ya gitta shi a digiri 90. Zai bi ta tsakiya, wato (5, 7), giradiyent ɗinsa kuma −3/4 ne. Daga y − 7 = (−3/4)(x − 5) sai a samu 3x + 4y = 43. Idan aka sa 5 da 7, 15 + 28 ya ba da 43.

Inda maki ke zubewa

Babban ramin shi ne alamar debewa. A ɗauki P(−3, 4) da Q(2, −8). Tafiyar kwance ita ce 2 − (−3) = 5, domin daga −3 zuwa sifili taku 3 ne, daga sifili zuwa 2 kuma taku 2. Tafiyar tsaye ita ce −8 − 4 = −12. Tazara 13 ce, giradiyent kuma −12/5.

Ɗalibin da ya yi gaggawa ya rubuta 2 − 3 zai samu −1, giradiyent ɗinsa ya fito 12. A jarrabawar zaɓi daga A zuwa D, amsoshin da ba daidai ba akan gina su ne a kan irin waɗannan kurakurai da aka saba yi. Saboda haka ganin amsar mutum a cikin zaɓi ba ya nuna cewa ya yi daidai. Ƙaramin zane zai tona kuskuren nan take: P tana sama ta hagu, Q tana ƙasa ta dama, layin gangarowa yake yi, don haka giradiyent ɗinsa ba zai rasa alamar debewa ba.

Rami na biyu shi ne ɗaukar giradiyent daga ikweshon da ba a gyara ba. A 2y + 6x = 5, giradiyent ba 6 ba ne. Sai an bar y ita kaɗai a gefe: y = −3x + 5/2. Giradiyent −3 ne. Layin da ke faralel da shi, wanda ya bi ta (1, 2), shi ne y = −3x + 5.

Na uku shi ne kifa rabawar, a sa tafiyar kwance a sama. Ta tsaye ce a sama kullum.

Na huɗu shi ne layuka irin su y = 5 da x = 3. Layin y = 5 a kwance yake, domin kowane ɗigo a kansa yana da tsayin 5. Layin x = 3 kuwa a tsaye yake. Harafin kan ruɗi ɗalibi ya zaci akasin haka.

Na biyar shi ne alama a lissafin tazara. Idan aka ninka −12 da kanta, 144 ake samu, babu alamar debewa. Tazara ba ta taɓa fitowa ƙasa da sifili.

JAMB daban, WAEC daban

Tun daga 2015 jarrabawar UTME ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma amsar ƙarshe kawai na'ura ke dubawa. Wannan ya ba ɗalibi damar bi ta baya. Idan an tambayi ikweshon na layin da ya bi ta (2, 3) da (8, 11), ana iya sa x = 2 da y = 3 a cikin zaɓin huɗu, a watsar da waɗanda ba su daidaita ba, sannan a gwada ragowar da ɗigo na biyu. Sau da yawa wannan ya fi warwarewa daga tushe sauri.

A WAEC lissafi takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ce cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma a nan ana ba da maki a kan hanya, ban da na amsa. Ɗalibin da ya rubuta fomula, ya sa lambobi a gurabensu, sannan ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, zai tsira da wani abu. Wanda ya rubuta amsa tsurarta yana iya rasa makin hanyar. Ga mai neman C6 ko sama, wanda kwasa-kwasan kimiyya, likitanci da injiniyanci ke buƙata, irin waɗannan 'yan makin su ke cika mudu.

Ribar wannan ɓangare ba ta tsaya a kansa ba. A kalkulos, dy/dx giradiyent ne na lanƙwasasshen layi a wani ɗigo. A fiziks, giradiyent na giraf ɗin gudu da lokaci shi ne yadda gudun ke ƙaruwa, kuma a jarrabawar gwaji ta ɗakin bincike akan nemi ɗalibi ya zana giraf ya fitar da giradiyent ɗinsa. Wanda ya iya shi a lissafi zai ci moriyarsa a darasi biyu.

A wajen aji ma ana cin karo da shi. Takardar sifiyo ta fili tana nuna kowane dutsen iyaka da lambobi biyu, ta gabas da ta arewa, kuma tsohon ma'aunin da Najeriya ta ɗora taswirorinta a kai sunan Minna yake ɗauke da shi. Da irin waɗannan lambobi hukumomin filaye kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja suke aiki. Wanda ya tura wa wani inda yake ta WhatsApp, lambobi biyu ya tura. Kano tana kusan digiri 12 arewa, digiri 8.5 gabas. Sai dai a taswirar waya lambar arewa ce ke zuwa farko, a jarrabawa kuwa x ce a gaba.

Gwaji na minti huɗu

Ga tambayoyi biyar. Ɗalibi ya sa agogo, ya fara kowacce da ƙaramin zane.

1. Nawa ce tazarar da ke tsakanin (−1, 2) da (7, 17)?
2. Ina tsakiyar layin da ya haɗa (−6, 5) da (2, −1)?
3. Nawa ne giradiyent na layin 4x − 2y = 7?
4. Mene ne ikweshon na layin da ya bi ta (0, −2), kuma ya gitta y = (1/2)x + 3 a digiri 90?
5. Nawa ne faɗin filin alwatikar da layin 3x + 5y = 30 ya yi da layukan x da y?

Amsoshi: ta farko 17, domin tafiyar kwance 8 ce, ta tsaye 15. Ta biyu (−2, 2). Ta uku 2, bayan an gyara ikweshon ya koma y = 2x − 7/2. Ta huɗu y = −2x − 2. Ta biyar 30, domin layin ya yanka x a 10, ya yanka y a 6.

Wanda ya faɗi wata, ya koma kan aikinsa ya nemo layin da kuskuren ya shiga, ya rubuta irin kuskuren a bayan littafinsa. Sannan ya ɗauko tambayoyin shekarun baya na JAMB, WAEC da NECO, ya tsamo na wannan ɓangare kaɗai, ya yi su da agogo a gefe.